Abin da Mushe Gado Bai Aje Ba

Fiddausiya ta ɗaga murfin ordinatar, wato kwamfuta, da yatsu biyu, a hankali, kamar mai leƙa tukunyar da ba tata ba. Gilashin ya tsaya baƙi, ya tsaya baƙi, can sai ya kawo haske. Ta sauke numfashi. Injin yana da rai.

Mai injin ne babu. Jiya da hantsi aka kai ubanta Gado, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin boko, makwancinsa, lokacin ita tana tashar Yamai tana jiran mota. Ta kwana Tawa, ta biyo ta Keita, kabu-kabu ya sauke ta Garhanga yau da safe, ta tarar da ƙofar gidansu cike da takalman masu gaisuwa. Ɗakinsa kawai ta samu: gado, rediyo, tocila, littattafan da gara ta fara ɗanɗanawa, sai wannan tsohuwar ordinatar bisa tebur.

Shekara huɗu ke nan bai yi mata magana ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana shaƙar alli a lakwal, makarantar boko, ya ci takalmi wajen zarya Keita har aka turo 'yarsa ta karantar a ajin da ya bari. Ita kuwa wata huɗu ta yi, ta aje makullin aji hannun direkta, ta tafi Yamai koyon aikin ordinatar. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci, gaban kowa, ya ce wadda ta watsar da yara arba'in da bakwai tsakiyar shekara ba shi ya haife ta ba. Ya ɗauki alli da tsufansa ya ƙarasa musu shekarar. Daga nan in ta kira salula, sai ya miƙa wa uwarta. In ta aiko da shayi da sukari, shayin dai yana sha. Ordinatar da ta aiko masa shekara guda ta yi ƙarƙashin gado.

Ɗazu, da mata suka ɗan rage a ɗakin takaba, uwarta Zara ta jawo ta kusa.

"Kwana ukku shina dangwalar abin nan da yatsa guda. Yac ce takarda ce shika yi miki. Ran Lahadi abin yaƙ ƙi motsi, ya danna, ya danna, sai yar ruhe shi. Yac ce a bari, in kin zo ki gyara, tunda shi ne aikin da kinka bar ɗiyan mutane dominai."

"Da faɗa ya faɗe ta, Inna, ko da wasa?"

"Ke kin san ubanki. Wa ka rarrabewa?"

Da marecen Lahadin nan jini ya hau masa, harshe ya riƙe. Har ya cika bai sake cewa uffan ba. Saboda haka ko ya yafe mata, ko ya tafi da ita a ciki, ba wanda ya sani sai wannan injin.

Shi ma injin bai ce komai ba. Wurin da rubutu ya kamata ya kasance fari ne fat, porogaram ɗin rubutun ya sandare, ko an danna ba ya amsawa. Ta leƙa wurin ajiya, wayam. Mushe Gado ya ɗauki ordinatar kamar kaye, littafin rubutun 'yan lakwal, in ka rubuta ka rufe shi ke nan, ba wanda ya gaya masa sai an ce mata ta aje take ajewa.

To amma abin bai ɓace ba tukuna. Ashe injin nan wuri biyu gare shi. Akwai rumbu, inda abin da aka zuba yake zama ko an shekara. Akwai kuma faifai, inda yake riƙe abin da ake aiki da shi yanzu-yanzu, shi suke ce wa memwar. Muddin wuta ba ta yanke ba, hatsin yana nan bisa faifai. In ta yanke ko na ƙiftawar ido, ya watse, kuma ba tsintsiyar da za ta tattaro shi. Takardar Mushe Gado tana bisa faifai. Batir kuma saura kashi ashirin da shida.

Wannan kuwa shi ne abin da take ci da shi a Yamai. Suna da wani kayan aiki, debogar, mai kama porogaram yana cikin tafiya ya tsayar da shi a duba cikinsa. A kan rubuta masa 'yar takardar umarni, sikirif, a ce je ka wuri kaza a memwar ka karanto abin da ke nan. Ita aikinta gwada irin waɗannan, ta gano inda suke ƙarya kafin a miƙa wa mutane. Kayan suna cikin tata ordinatar. Sai dai batirin tata ya mutu murus tun a hanya, gidan kuma babu kuran, wato wutar lantarki. Inda ake samun wuta mai ƙarfi likita ce, ƙaramar asibitin can bakin gari, mai panno na hasken rana bisa rufi.

Ta rufe murfin, ta rungumi injin, ta fito. A bakin zaure ta yi karo da Baba Yaƙubu, ƙanen ubanta, idanunsa jawur, carbi a hannu.

"Ina zuwa da wanga?"

"Likita zan kai shi, Baba, in sa mishi wuta."

"Mai da shi."

"Baba, aiki ne zan..."

"Ɗiyata, kayan mamaci ne. Ko allura ba ta hita gidan ga sai an zamna an raba. Yau kwana nai guda cikin ƙasa, a ga ɗiyatai ta ratsa gari da kaya a hammata? Mi kike so a ce?"

"Ni na saya mishi."

"Kin ba shi ko ara mishi kinka yi?"

Maza na zaune bisa tabarmi sun kasa kunne, kowa ya yi kamar carbinsa yake ja. Da ta tsaya ta yi masa bayanin rumbu da faifai, da ya gane, don manomi ne. Amma ranta ya ɓaci, kuma a ganinta me Baba Yaƙubu ya sani, mutumin da ko lambar salula sai an danna masa. Ta koma ta aje injin bisa tebur, 'yar fitilarsa tana ƙyafta ido a gefe. Ta leƙa ta ce wa uwarta kada a bari kowa ya taɓa. Wato ta gaya wa mai takaba, wadda ko ƙofar ɗakinta ba ta ƙetarewa. Ta saɓi jakarta ta fita.

Majo ɗin likitar, babbar ma'aikaciyar jinya, Amina ce, tare suka yi lakwal, bencinsu guda. Ta rungume ta, suka yi kukansu a tsaye tsakanin ma'aunin jarirai da firjin allura, sannan Amina ta share ido da bakin rigarta ta jawo mata kujera.

"Ga wuta nan. Kada dai ki cire mani firji, in rigakahin ga ya lalace ke za ki yi ma matan gari bayani."

Fiddausiya ta kunna tata, ta buɗe irin porogaram ɗin da ya sandare wa ubanta.

"Faɗi wata magana in rubuta."

"Wace iri?"

"Ko wace. Gwaji ne."

"Rubuta: akuyar maƙwabta ta cinye mani sabulu. Gaskiya ce kuma, shekaranjiya."

Ta rubuta, ba ta aje ba. Ta kama porogaram ɗin da debogar, ta tsara sikirif ɗinta, layi ashirin da wani abu: ya bi memwar yanki-yanki, inda aka hana shiga ya wuce, inda ya ga haruffa sun jeru ya kwaso. Ta danna. Lambobi suka yi ta zuba kamar tururuwa, suka tsaya. Babu akuya, babu sabulu.

"Ta gudu?" in ji Amina.

"Tana nan. Ni ce ban iya nema ba."

Ta ƙura ido. Ashe injin ba ya jera haruffa kafaɗa da kafaɗa, kowane harafi sai ya bar masa fili a gefe, kamar shukar da aka ba tazara. Sikirif ɗin kuwa cunkoso yake nema. Ta gyara, ta sake dannawa. Sai ga ta, tsakiyar tarkace: akuyar maƙwabta ta cinye mani sabulu.

Amina ta buga guɗa ƙasa-ƙasa, ta tuna gidan mutuwa aka fito, ta kama bakinta. Fiddausiya ma har ta yi murmushi. Ta rufe debogar ɗin.

Porogaram ɗin rubutun ya ɓace tare da shi. Ɗif. Akuya, sabulu, duka.

Ta manta abin nan in ya kama, in ba a ce masa ya saki a hankali ba, da abin da ya kama yake tafiya. Da a injin ubanta ta yi wannan, da ita da hannunta ta kashe takardar.

"Kin ga amfanin gwaji," ta ce wa Amina.

Ta ƙara layi biyu: in ya gama karatu ya zuba abin da ya samu cikin kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa jikin inji, sannan ya saki. Ta gwada na uku. Ya karanto, ya zuba, ya saki, porogaram ɗin yana nan da ransa. Lokacin rana ba ta kai tsaka ba, inuwar itacen bedin ƙofar likita ma ba ta gama tattarewa ba.

"To alhamdu lillahi. Tashi ki tahi," in ji Amina.

"Nashi a sandare yake. Wannan lafiyarsa lau. Sai na gwada da sandararre."

Wannan gaskiya ce. Ta ɓata lokaci tana cusa wa porogaram ɗin kaya har ya sandare, ta gwada, ya yi. Sai ta ce ai ubanta da Faransanci zai rubuta, haruffan nan masu hula a kai fa? Ta gwada, suka fito da hulunansu. Sai ta ce in takardar doguwa ce, ta yiwu injin ya yayyanka ta ya watsa wuri-wuri. Ta rubuta doguwa, ta gwada. Aka kira azahar, ta yi salla a ɗakin awo, ta dawo ta zauna. Amina ta yi wa mata shida awon ciki, ta ɗinke ƙafar wani da gatari ya sara, ta dawo ta iske ta tana gwaji na tara.

"Ke, wai har yanzu akuyata kike kora?"

"Saura guda."

"Tun ɗazu saura guda." Amina ta zauna bakin tebur ta dube ta. "Injin ga ya ci jarrabawa tun kahin azahar. Ke ce ba ki so ki tahi."

Fiddausiya ba ta ɗago ba.

"In na buɗe na iske maganar ƙofar masallaci ce ya sake, Amina? Da hujjoji, ɗaya, biyu, uku, yadda ya saba? Yanzu ko ba komai ina iya cewa ban sani ba."

"In kuma ba ita ba ce?"

"In ba ita ba ce, wa zan ba amsa?"

Amina ta zare kilen da kanta, ta danƙa mata a hannu, ta naɗe mata yatsu a kai.

"Mushe ya bugan da rila, katakon jan layin nan, sau ba adadi, amma ban taɓa ganin ya zamna kwana ukku don shi zagi mutum ba. Zagi a tsaye shika yin shi. Tashi."

Ana kiran la'asar ta shigo gida. Ta iske ƙofar ɗakin ubanta a buɗe, an share, an naɗe katifa. Littattafai an ɗaure su da igiya. Baba Yaƙubu yana durƙushe gaban babban akwatin ƙarfe yana jera kaya. Ordinatar tana ciki, bisa manyan riguna, an lulluɓe ta da rawani. Fitilar gefenta ba ta ƙyaftawa.

"Yawwa, kin dawo," ya ce. "Zo ki gani, don ki zama shaida. Munka tashi sallar azahar nac ce bari in killace kayan Yaya tun yara ba su fara ɗauka ba."

Ya jawo wani kwanon sha, ya buɗe. Batura ne a ciki.

"Na rediyo huɗu. Na tocila biyu. Na salula guda. Ga kuma ƙaton, na injin ki. Shi ya ban wahala, ashe wani ɗan maƙulli gare shi ta ƙasa, sai an tura. Na ishe shi shina ta ƙyafta wuta shi kaɗai, shina shan batir a banza." Ya girgiza kai. "Lokacin da tsohonmu ya rasu, anka ruhe rediyo tai da batura a ciki. Kahin a yi rabo sun zuba, sun cinye cikin. Yaya ya yi shekara shina jin zahin rediyon nan. Nac ce nashi kayan ba za su lalace a hannuna ba."

Ya ɗago yana dubanta, yana jiran ta ce ya kyauta. Dattijo ne da ya wanke ɗan'uwansa da hannunsa jiya, bai runtsa ba, bai ci ba, ya rasa abin da zai yi wa mamaci sai wannan.

Bayan azahar. Ta lissafa a ranta, lokacin tana gwaji na bakwai ko na takwas.

"Baba, ba ni shi in mayar, in duba wani abu. Nan cikin ɗaki."

"A nan kam ba laihi."

Ta mayar da batir, ta kunna. Injin ya tashi garau, har da 'yar waƙarsa. Ta buɗe porogaram ɗin rubutu. Yanzu kam yana amsawa, ko ina ta taɓa sai ya motsa. Farar takarda, ɗan sanda yana ƙyaftawa a kusurwa yana jiran a fara. Ta san babu, amma ta soka kilen, ta saki sikirif ɗin. Ya yi aikinsa tsaf yadda aka koya masa: ya bi memwar yanki-yanki, ya zuba, ya saki a hankali. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da ya kwaso sunayen maɓallai ne da tarkacen injin.

"Lahiya dai? Bai lalace ba ko?"

"Bai lalace ba, Baba." Ta kashe, ta ciro batir ɗin da kanta ta sa masa a kwano. "Sannu da ƙoƙari. Allah ya bar zumunci."

"Amin, ɗiyata. Amin."

Ɗakin takaba ya yi sauƙin mutane, mata sun fita alwala. Zara tana zaune bisa tabarma, ta jingina da bango, lulluɓi har goshi. Fiddausiya ta zauna gefenta, ta miƙe ƙafafu.

"Kin karanta?"

"Ya goge, Inna."

Uwar ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Ni dai na san bakinai bai iya shiru in shina rubutu. Yadda shika yi ma yara dikte, shina hwaɗi suna rubutawa, hakanan shika yi ma kainai. Ina tsakar gida ina jin shi."

Fiddausiya ta juyo gaba ɗaya, ta kama hannunta.

"Me ya ce?"

"Da nasaranci ne. Ni ina ni ina nasaranci? Surutu dai nika ji."

"Ko kalma guda, Inna. Ko yadda ta faɗo a kunnenki."

"Wallahi ban riƙe ba. Da na san za a tambaye ni... Abu guda na gane. Ya ambaci sunan."

"Wane suna?"

"Naki mana."

Fiddausiya ta saki hannun. Ita ce 'yar fari. Tun da aka raɗa mata suna, daga uban har uwar ba wanda ya taɓa kama shi a baki, kunya ba ta bari. A gida ita ce "ke", ita ce "waccan". Ko a aji, shekarar da ta zauna gabansa, in yana kiran suna ya iso kan nata sai ya yi gyaran murya, ita kuma ta ce ga ta, yara su yi ta dariya. Shekara talatin ba ta san yadda sunanta yake a bakinsa ba.

"Sau nawa?"

"Ukku na ji. Na farko har na saki muciya, na ce ko wata ce ta shigo."

"Yaya ya faɗe shi? Da ƙarfi? Ko ja ya yi?"

"Ya dai hwaɗa."

"Faɗa mini yadda ya yi, Inna. Sau ɗaya. Ba kowa a ɗakin."

Zara ta dubi ƙofa. Ta gyara zama, ta jiƙa leɓe, ta buɗe baki. A waje ana ta zuba ruwa a butoci, wani yana yi wa wani gaisuwa, ya haƙuri, haƙuri sai ma'aiki.

Bakin ya daɗe a buɗe. Sannan ya rufe.

"Ba ni iyawa," in ji ta. Ta ja lulluɓin ya sauko har hanci. "Shi ma sai da ya ba ƙohwa baya."